Hitar da Ta Ƙi Kamawa a Camberwell

Ku samarin yanzu, in kuka ga na buɗe bayan motata bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park, ina neman inda zan ajiye darduma a tsakanin tukwanen gas, sai ku yi ta dariya. Makon jiya wani a cikinku ya ce mini, “Baba Sani, ai wannan aikin naku bidiyon minti biyar ne a waya.” Ban tanka masa ba, domin bakina cike yake da dabino. Yau na haɗiye, sai ku gyara zama.

Aikina gyaran gas na caravan. Ga wanda bai sani ba, caravan ɗaki ne a kan taya, mota ke jan sa. A ciki akwai gado, da murhu, da banɗaki kamar kwalin ashana, da hita. Shi ne tafi-da-gidanka na ainihi, tun kafin waya ta ƙwace sunan. Bature zai shekara a gida mai ɗumi, in ya sami hutu sai ya ja wannan akwati zuwa bakin teku ya kwana ruwa na dukan rufin, ya ce wai hutawa yake. Har yau ban gane wannan ba, amma da shi na ci abinci shekara ashirin da 'yan kai.

Da gemuna na shiga koyo. A Kano gyaran firji nake yi a Fagge, ina ganin duk abin da ke da bututu ba zai gagare ni ba. Da na zo London sai na haɗu da Baba Alhassan a masallacin Whitechapel. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, kuma a Hausarsa kowa namiji ne: mace shi, mota shi, hita shi. Aikin farko da ya kai ni, wata hita ce da ta ƙi kamawa. Muna shiga na zaro sukundireba zan kwance ta. Ya karɓe, ya saka a aljihun rigarsa.

“Zauna,” ya ce. “Hita shi yana da baki. Ka bari shi faɗa maka.”

Na zauna a kan gadon mutane kamar mai jiran fatawa. Ya murɗa maɓalli, ya sa na rufe ido. A nan na koyi abin da har gobe da shi nake aiki. In ka kunna hita, fanka ce ke fara tashi. In iskarta ta yi ƙarfi sai ta tura wani ɗan fallen ƙarfe mai kama da harshe, shi ke ba da izini. Sannan ka ji ƙas-ƙas-ƙas, tartsatsi ke nan. Sannan gas ya buɗe, ka ji bum a hankali, wuta ta kama. Abu huɗu a jere kamar raka'o'in Azahar, ba a tsallake ɗaya. Inda sautin ya tsaya, nan ciwon yake. Wata uku ina bin Baba da kunne kafin ya mayar mini da sukundirebata. Bayan nan kuma sai da na koma aji na zauna jarrabawa, domin a ƙasar nan ba a taɓa gas sai da takarda, kuma duk bayan 'yan shekaru a sake kiran ka ka zauna, ko furfura ta cika maka kai.

Kayan aikin ba su da kwarjini, shi ya sa kuke raina su. Kwalbar ruwan sabulu da buroshin fenti, in shafa a mahaɗar bututu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ɗan madubi a kan tsinke irin na likitan haƙori. Tsohon buroshin goge baki. Mita ta auna ƙarfin batir, da wata ta auna ƙarfin gas. Sai wata 'yar na'ura rawaya da nake ratayawa a ƙirji, wadda ke kuka in ta shaƙi iskar nan mai guba da ba ta da wari. Ashana ba ta cikin jakata. Wanda ya nemi yoyon gas da ashana zai same shi, amma wani ne zai ba da labarin.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin tasa. Akwai wani dattijo da ya rantse mini da kabarin kakansa cewa hitarsa ta mutu, na yi tuƙin awa biyu, na tarar bai buɗe kan tukunya ba. Akwai wata tsohuwar Baturiya da na gano gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin bututunta, domin gizo yana son warin gas kamar yadda wasunku ke son warin suya. Ta ce in gyara amma kada in kashe mata shi. Haka na ɗauko shi a kofin shayi, na raka shi har lambu, tana biye da ni tana yi masa sallama.

Shekarar korona ita ce ta kusa raba ni da sana'ar. An rufe filayen bakin teku, kowa ya yi cancel, wayata ta yi tsit kamar an kai ta gyara. Motar aiki ta zauna a ƙofar flat har tayar baya ta sace, gansakuka ta fito a gefen gilashi. Na koma kai wa mutane cefane ƙofa-ƙofa, in ajiye leda, in danna ƙararrawa, in ja da baya kamar ɓarawo mai ladabi. A lokacin Baba Alhassan ya riga ya koma Kumasi. Ya kira ni ya ce, “Ka shafa wa kayan aiki mai, kada shi yi tsatsa. Ciwo shi zai wuce.” Na shafa.

A tsakiyar sanyin wannan shekarar, wata safiya da ƙanƙara ta kwanta a kan motoci, aka kira ni daga Camberwell. Mai kiran sunansa Kabiru, mutumin Zariya, injiniyan kwamfuta. Matarsa, Dakta Binta, tana aiki a babban asibitin unguwar, a ɗakin masu korona. Mahaifiyarsa kuma, Hajiya, ta zo ganin jika sai aka rufe hanya da ita a nan, ga ta da ciwon suga da hawan jini. Likita ta ce ba za ta ɗauko ciwo daga asibiti ta kai wa tsohuwa ba. Sai suka ari wani tsohon caravan ƙirar Amurka a wurin abokin aikinta, suka ajiye a ƙofar gida, ta koma ciki da kwana. Sati biyu hitar ta ƙi kamawa. In an jona hitar lantarki daga cikin gida, sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke.

“Malam Sani, in ba a gyara yau ba, sai dai ta koma otal can wajen gari,” in ji Kabiru. “Hajiya kuma ta ce ranar da Binta ta bar ƙofar gidan nan, ita ma ta daina cin abinci.”

Na hura tayar mota, na tafi.

Na tarar da shi a ƙofar gida da takunkumi da safar hannu da silifas. Likita ba ta dawo daga aiki ba, kuma sai ba ta nan yake shiga caravan ɗin. A tagar falo ga Hajiya, ta lulluɓa da mayafi biyu, carbi a hannu, ta buɗe tagar kaɗan yadda ba abin da zai wuce ta. Na rusuna na gaishe ta. Ta sa mini albarka kamar na riga na gama aikin.

“Na ma gano matsalar,” Kabiru ya ce muna shiga. “Board ɗin ne ya ƙone, ƙwaƙwalwar hitar. Na kalli bidiyo ya kai goma. Har na yi order ɗin sabo.”

“Madalla, Injiniya. Bari mu gaisa da ita tukuna.”

Na murɗa maɓalli. Fanka ta tashi da nishi, kamar tsoho zai miƙe daga tabarma. Babu ƙas-ƙas. Na auna batirin caravan ɗin, na ga ya kusa macewa. Na bi waya har wurin cajarsa, ga fiyus ya ƙone, ƙila tun ranar da suka fara jona hitar lantarki. Na sa sabo, na ɗauko wani batir na ajiya daga motata na haɗa don kada mu jira. Fanka ta yi kuka sosai yanzu. Har yanzu babu ƙas-ƙas.

Na kwance murfi, na leƙa da madubi. Harshen nan ya yi rawani da gashin kare, ko motsi ba ya iyawa. Ashe mai caravan ɗin da karensa yake yawo.

“Yauwa!” in ji Kabiru. “Wannan na gan shi a bidiyo. Sai kawai a haɗe wayoyin nan biyu a tsallake shi.”

“Injiniya, in maigadi ya hana ka shiga gida, dalili ake tambaya, ba ɗaure shi ake yi ba. Shi ke hana gas buɗewa in babu iska.”

Na goge shi da buroshin baki har ya koma yana rawa. Na kunna. Ƙas-ƙas-ƙas. Shiru. Sau uku tana gwadawa, sannan ta yi fushi ta daina, domin haka aka gina su. Tartsatsi na nan, gas ne ba ya zuwa da ƙarfi. In kana son ka san lafiyar gas a caravan, murhun girki za ka tambaya. Na kunna shi. Wutar ta fito 'yar ƙarama, rawaya, tana layi. Na leƙa akwatin tukunya a gaba, na ga shuɗiya ce. Shuɗiyar tukunya butane ce, ta bazara ce, in sanyi ya yi tsanani kwanciya take yi ta ƙi tashi. Ja ita ce propane, wadda ba ruwanta da ƙanƙara.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Tagogin duk sun jiƙe sharkaf daga ciki. Rufin da ke saman murhu ya yi baƙi-baƙi.

Ana cikin haka Likita ta dawo, wajen ƙarfe goma. Kabiru ya yi maza ya fita ya koma jikin shinge. Mace ce siririya, igiyar takunkumi ta yi mata shaida a kumatu, tana tafiya kamar ƙafafun aro ne. Kafin ta kula kowa sai da ta durƙusa a kan simintin nan mai sanyi ta fuskanci taga.

“Hajiya, ina kwana?”

“Lafiya lau, 'yar nan. Tashi, tashi. Ya kan naki?”

“Da sauƙi, Hajiya.”

Na fito na tsaya nesa da ita, muka gaisa. Na ce, “Likita, ki gafarce ni, ni ba likita ba ne. Ciwon kan nan, in kin je aiki yana sauka?”

Ta ce, “Yana sauka. Sai na dawo na yi barci in tashi da shi, har da tashin zuciya. Na yi test sau uku, duk negative.”

“Da me kike ɗumama ɗakin?”

Ta waiwaya ta kalli murhun ta ƙofa. “Ina kunna kai biyu kafin in kwanta. Wani lokacin barci ya ɗauke ni kafin in…” Ba ta ƙarasa ba. Ta dafe baki ta kan takunkumi. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Carbon monoxide. Malam Sani, ni fa nake koya wa ɗalibai wannan.”

“Gajiya ba ta san digiri ba, Likita. Ina na'urar da ke kuka in iskar nan mai guba ta taru? Na ga mazauninta a bango, ita ban gan ta ba.”

Kabiru ya sunkuya yana nazarin silifas ɗinsa. Daga taga aka amsa mini.

“Abin nan fari mai ihu? Ai ni na ga yaron nan ya fito da shi a hannu ran Talata. Na ce mene ne, ya ce wai lalacewa ya yi.”

“Ƙara yake ta yi yana hana ta barci,” Kabiru ya ce, muryarsa can ƙasa. “Na ɗauka batirinsa ne.”

Abin da na gani a idonsa ya fi duk faɗan da zan iya yi. Likita ta matsa gefe ta kira wata abokiyar aikinta, suka yi magana da Turancin likitoci, aka ce ta zo da yamma a duba jininta. Ni kuma na koma kan abin da na iya. Na ɗauko jar tukunya daga mota da nata kan na musamman, na ɗaura, na shafe kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Babu kumfa. Na kunna murhu, wuta ta fito shuɗiya tsaye. Na kashe, na koma kan hita.

Fanka. Ƙas-ƙas-ƙas. Bum.

Kabiru ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai wutar ta mutu. Na sake, ta kama, ta sake mutuwa kafin ka ƙirga biyar. Wutar da ta kama ta mutu haka, yawanci numfashi aka toshe mata. Hitar tana da hanci a jikin caravan ta waje, inda take shaƙar iska take fitar da hayaƙi. Na zagaya ɓangaren da ke jikin shinge, na matsa da ƙyar. Ga hancin nan an lulluɓe shi da baƙar ledar shara, an bi da salatif layi-layi, aiki mai kyau, ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Ramukan shan iska na ƙasa su ma duk an like su. Na ɗaga kai, har na saman rufi an like.

Kafin in buɗe baki Kabiru ya ce, “Ni ne. Tun daren farko ta ce iska na shigo mata. Duk inda na ga rami na rufe.”

Wato mutumin nan kwanciya ya yi a ƙasa cikin ƙanƙara, ya bi rami ɗaya-ɗaya, don kada matarsa ta ji sanyi. Na miƙa masa wuƙata. “Kai ka ɗaura, Injiniya, kai za ka kwance.”

Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Hajiya ta ƙara buɗe taga.

“Duk karatun nan da aka yi ta yi, ashe toshe wa 'yar mutane numfashi ka je ka koyo.”

“Hajiya, sanyi yake tare mini,” in ji Likita.

“Ke yi shiru, kada ki shigar masa. Da wani abu ya same ki, da wane baki zan yi wa iyayenki bayani?” Ta ja mayafi ta goge ido, sannan ta ce da ƙafafun da ke ƙarƙashin caravan, “Ka cire duka, ina kallo.”

Da ya fito, da tarin leda a hannu da laka a gwiwa, na murɗa maɓalli. Fanka, ƙas-ƙas, bum. Muka tsaya muna jira ta mutu. Ba ta mutu ba. Na leƙa ta ɗan gilashinta, wuta shuɗiya a jere kamar haƙoran mataji. Na rufe ƙofa da tagogi, na bar ta rabin awa da na'urata a ciki, ba ta yi ko tari ba. Na ɗauko sabuwar mai ihu daga mota na kafa a bango, na danna ta ta yi ƙara don kowa ya san muryarta, har Hajiya.

To ku ƙirga: fiyus, gashin kare, tukunyar bazara, ledar shara. Ciwo huɗu a jikin hita ɗaya, kowanne ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa, kuma ƙwaƙwalwar da aka ɗora wa laifi lafiyarta ƙalau. Wanda ya yi bidiyo a garejinsa bai ga wannan caravan ba, bai ga jiƙaƙƙiyar taga ba, bai ji wata tsohuwa ta tambayi ciwon kai ba. Jinin Likita da aka duba da yamma, daga baya ta gaya mini an ga alama, amma Allah ya tsare, babu abin da ya taɓu.

Sai dai ni ba a nan aikin ya ƙare mini ba. Da ɗakin ya yi ɗumi, Likita ta shiga ta zauna a bakin gado da rigar sanyinta da takalmanta. Na tsaya daga waje a bakin ƙofa ina yi mata bayani ina tattara kaya: murhu na girki ne kawai, rami ko ɗaya kada a rufe, in abin bango ya yi ihu a fita waje tukuna sannan a yi tunani. Na sunkuya in ɗauki kwalbar sabulu. Da na ɗago, ta jingina da bango, kanta ya karkace, ido a rufe.

Kabiru ya taho da gudu daga jikin shinge, ya ci birki taku biyu kafin ƙofa, domin nan ce iyakarsa. “Malam Sani! Ba ta motsi!”

Na zura hannu da na'urar ciki, na juyo masa da fuskarta. Sifili. Muka kasa kunne. Sai ga ɗan minshari siriri, a tsare, yana fita yana komawa.

“Wannan ba gas ba ne, Injiniya. Barci ne.”

Ya tsaya yana kallon takalman da ke ƙafarta, ba dama ya shiga ya cire mata. Na ja ƙofar a hankali har ta ce ƙit.

“Ta kama?” Hajiya ta tambaya daga taga.

“Ta kama, Hajiya. Likita ma ta yi barci.”

Nan take ta mayar da murya raɗa, amma raɗar da ake ji har tsallaken titi. “To ku watse mata daga kai. Kai kuma Malam, motar nan taka na ji ƙararta da ka zo, kamar injin niƙa. Kada ka kuskura ka tayar da ita a ƙofar gidan nan.”

Na shiga, na saki birki, na riƙe sitiyari. Injiniya ne ya tura ni, da silifas, a kan ƙanƙara, har kwanar layi.